Ranar da Turmi Ya Bar Gari

Don Eladio na ƙoƙarin fitar da bas daga tasha, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a kan giya, sai gardamar ta sake ɓarkewa a bayansa.

"An cuce mu! Na rantse an cuce mu da rana tsaka!" Doña Casilda ce, mai busasshen kifi, wadda ke shiga babban birni duk Talata da kwandonta a cinya. "Mutumin da ya tsuguna shekara da shekaru yana cafke mana ƙwallo har gwiwoyinsa suka mutu, shi za a ɗauka a miƙa wa 'yan arewa? A kan me? A kan yara biyu da ko gemu ba su fara ba!"

"Doña, ki ajiye son zuciya mu yi maganar gaskiya," in ji Radhamés, wani ma'aikacin banki da ke zaune kusa da taga, ya ɗaure wuya tun da sanyin safiya. "Albashin Turmi shi kaɗai zai riƙe masu jifa uku. Kuma bara me ya tsinana? In ya bugi ƙwallo, kafin ya ruga ya kai zangon farko na fili sai ki ɗora shinkafa ki sauke."

Motar ta ɗauki dariya. Chepe kwandasta, wanda ke maƙale a ƙofa da tumbinsa a waje, ya daki gefen motar ya ce, "Har da wake! Wake ma sai ya nuna!"

"Kai Chepe rufe mana baki, kai da ko bas ba ka iya bi da gudu. Ni dai na faɗa, masu kulob ɗin nan ba su da kunya. Kuɗi suke tattali, ba ƙwallo ba."

A Santa Brígida, tun da kamfanin sukari ya rufe, abu biyu suka rage wa mutane, coci da Carreteros, ƙungiyar garin ta besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buga ta da sanda. Daren jiya rediyo ya sanar cewa an yi musayar Fermín Zorrilla, mai cafka, wanda kowa ke kira Turmi saboda gajartarsa da faɗin ƙirjinsa. An ba da shi ga Tabaqueros ta arewa, an karɓo matasa biyu masu jifa. Tun asuba babu wata magana a garin sai wannan.

"Direba, kai da ba ka fashin zuwa fili, ka raba mu mana," in ji Radhamés.

Chepe ya harare shi, ya girgiza masa kai a hankali. Radhamés baƙo ne a garin, aiki ne ya kawo shi. Sauran fasinjojin kuwa kowa ya sami abin kallo ta taga. Don Eladio ya yi kamar bai ji ba, ya saka giya ta uku.

Yana da ɗa guda, Wilkin. Tare suka taso da Fermín a layi ɗaya, suna buga marfin jarka da sandar tsintsiya tun ba su iya ɗaure wando ba. Da suka tasa, Wilkin ya zama mai jifa, Fermín mai cafke masa. A tsakar gidan Eladio suke atisaye har duhu ya hana su ganin ƙwallo, sannan Nereida, matarsa, ta zuba musu rogo da soyayyen ƙwai a kwano ɗaya. Ba ta taɓa cewa "Wilkin da abokinsa" ba, sai dai "yaran nan". Suna da shekara goma sha takwas wasu masu neman 'yan wasa suka kira su gwaji a babban birni. A hanyar dawowa, da almuru, Fermín na tuƙa babur Wilkin na baya, suka sha kwanar da ke kafin gada suka tarar da tirelar rake ta mutu a tsakiyar titi ba fitila, suka afka mata. Fermín ya tashi da tsagewar haɓa. Wilkin bai tashi ba.

A maƙabarta, a gaban jama'a, Eladio ya ce wa Fermín kada ya ƙara taka ƙofar gidansa. Bai ƙara ba. Kusan shekara ashirin ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Amma tun ranar da Fermín ya fara saka rigar Carreteros, Eladio bai taɓa barin wasan gida ya wuce shi ba sai da ciwo. Kujera ɗaya yake zama, a bayan raga, daidai ƙeyar mai cafka. Ba ya tafi, ba ya ihu. Wasu na cewa baki yake zuwa yi wa yaron, wasu na cewa ya yafe ne girman kai ya hana shi faɗa. Nereida ba ta taɓa tambayarsa ba. Ita ko rediyo aka kama wasa sai ta tashi ta shiga kicin. Shi kansa da za a tsare shi ba zai iya cewa ga dalili ba. Abin da ya sani shi ne, in Fermín ya tsuguna, shi kuma ya kalli tudun jifa ta saman kafaɗarsa, wani lokaci wanda ke tsaye a can sai ya rikiɗe. Ya zama siriri, mai dogon hannu, ya ɗan fito da harshe tsakanin haƙora kafin ya saki ƙwallo. Ƙiftawar ido ne, sai ya ɓace.

Sun wuce gidajen ƙarshe na gari, sun zo daidai tsohuwar ƙofar kamfanin sukari, sai Chepe ya daki motar sau biyu.

"Tsaya, ga mutum da kaya!"

Eladio ya taka birki kafin ya duba. Mutumin na tsaye a inuwar katanga, hula ta rufe masa rabin fuska, ga wata doguwar jaka a ƙafarsa. Ko daga nesa babu mai irin wannan kafaɗa a garin. Kowa ya san Turmi bai ƙara riƙe kan babur ko sitiyari ba tun ranar haɗarin nan. Yau ga alama ya guje wa tasha ne don kada a taru a kansa.

Fermín ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala, ya ɗaga kai, suka haɗa ido. Sai ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa. Chepe, wanda ya riga ya cusa jakar ƙarƙashin kujera, ya dubi direbansa. Wata motar ɗaukar kaya ta danna musu oda daga baya.

"Shigo ko ka sauka," in ji Eladio, idonsa a kan titi. "Ina da mutane."

Ya shigo. Kujera ɗaya ce ta rage, wadda ke bayan direba.

Motar ta yi tsit, sai ƙarar inji da kukan wata kaza da aka ɗaure a baya. Radhamés ya kifa wayarsa a cinya. Ba a yi nisa ba Doña Casilda ta kasa haƙuri.

"Fermín, ɗana, juyo in gan ka. Ashe haka za su yi maka? Ka ce mana ƙarya ce."

"Gaskiya ce, Doña. Ina kwana?"

"Ina na ga kwana! Jiya ko abinci ban iya ci ba. Ga shi nan," ta nuna Radhamés da leɓe, "wannan mai igiya a wuya, yanzun nan ya gama cewa ana dafa shinkafa kafin ka kai zango."

"Haba Doña, ni ba haka na..."

"Har da wake, in ji Chepe."

"Ni? Yaushe?" in ji Chepe. "Ni fa waken da zan saya a birni nake magana."

Fermín ya yi murmushi, tabon haɓarsa ya ɗan motsa. "Ai bai yi ƙarya ba. Gwiwar hagu ta daina jin maganata. In na tsuguna sai na roƙe ta kafin ta bar ni in miƙe."

Wannan ya ba Radhamés ƙarfin gwiwa. Ya gyara zama ya ce shi fa ba raini ba ne, yana girmama abin da Turmi ya yi wa garin, amma ƙungiya ba gidan marayu ba ce. Shekara nawa rabon Carreteros da kofi? Duk kakar wasa sai a kai ƙarshe masu jifa su gaji, a yi ta tsallakar musu da ƙwallo katanga kamar ana rabon sadaka. Yaran nan biyu, an ce ɗaya jifansa ko ido ba ya gani.

"Ido ba ya gani, shi ma bai san inda za ta ba," wani tsoho ya ce daga baya. "Na gan shi a talabijin. Saura kaɗan ya kashe alƙalin wasa."

"To wa zai koya musu in ba Turmi ba?" in ji Casilda. "Mai jifa ba tare da mai cafka na kirki ba ai doki ne ba linzami. Su rage albashin manajan nan mai tumbi mana! Su sayar da motar da shugaban kulob ke yawo da ita!"

Gardama ta koma sabuwa, kowa na magana a kan Fermín kamar ba ya wurin, wani na cewa a kore manaja, wani na cewa a ƙaurace wa fili. Eladio bai ji rabin abin da suke faɗa ba. Madubin da ke saman kansa ya cika da fuskar mutumin. Shekara da shekaru ƙeyarsa ya sani, da lambar da ke bayan rigarsa, da yadda yake dafa ƙasa da yatsu kafin ya tashi. Fuskar kuwa rabonsa da ita kusa haka tun tana ta yaro. Yanzu kumatu sun cika, ƙasan idanu ya yi baƙi, ga layuka biyu sun sauko daga hanci zuwa baki. Ya yi ta ƙoƙarin mayar da idonsa kan titi, idon na komawa.

"Ku daina zagin manaja," Fermín ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. "Ba shi ya kore ni ba. Ni na je ofis na roƙa a ba da ni."

Casilda ta saki baki. "Kai ka roƙa?"

"Ni na roƙa, Doña."

"Mu muka yi maka laifi? Ihun da aka yi maka bara? Ai 'yan giya ne, ba mutanen kirki ba."

"Ba wanda ya yi min laifi."

"To don me? Uwarka na kwance a maƙabartar garin nan. Mu muka goya ka. Don me?"

Fermín ya juya yana kallon gonakin rake da ke wucewa. Casilda ta jawo kwandonta ta rungume, ta kawar da kai, hancinta na motsi. Radhamés, da ya kamata a ce ya ci gardama, ya rasa inda zai sa idonsa.

A haka suka iso kwanar gada.

Kullum Eladio na bin wurin nan, zuwa da dawowa, kuma ya koya wa kansa yadda ake wuce shi. Ya rage gudu, ya kafa ido a kan farin layin titi, ya ƙi kallon dama inda wani ɗan gicciye na siminti ke tsaye cikin ciyawa. Yau da ya rage gudu sai ya ji numfashin da ke bayansa ya tsaya. Ya ɗaga ido. Fermín ya runtse idanu, hannayensa biyu sun damƙe ƙarfen kujerar direba, har Eladio na jin ƙarfen na rawa a gadon bayansa. Leɓunansa na motsi ba sauti.

A bakin titi wasu samari biyu na tsaye kusa da babur, ɗaya ya durƙusa yana duba taya, ɗayan siriri, dogo, ya riƙe hula a hannu yana kallon bas ɗin. Kallon farko Eladio ya ɗauka Wilkin ne. Sai da suka zo daf ya ga yaron baƙo ne, fuskarsa ba ta yi kama da ta kowa ba. Tayar gaba ta ɗan sauka daga kwalta, tsakuwa ta yi ƙara a ƙarƙashin mota, ya maido ta.

"A hankali, compadre, aminina," Chepe ya ce ƙasa-ƙasa. Tsohon da ke baya ya yi alamar gicciye.

Daga nan har suka shiga cunkoson babban birni ba wanda ya ƙara ambaton ƙwallo.

A tasha mutane suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Radhamés ya tsaya ya miƙa wa Fermín hannu, ya ce Allah ya ba da sa'a, kuma don Allah in sun zo wasa Santa Brígida ya tausaya musu. Casilda ta zo wucewa ba ta dube shi ba, sai ta zaro kifi biyu manya a ƙunshe cikin takarda ta dangwara masa a cinya.

"'Yan arewa ba su san kifi ba," ta ce, ta sauka tana share ido da gefen gyale.

Chepe ya jawo doguwar jakar ya ajiye a bakin ƙofa, ya dubi mutanen biyu, ya ce shi zai je neman kofi, kuma layin mai kofin nan da tsawo yake.

Eladio ya kashe inji. Hayaniyar tasha ta shigo ta taga, masu kiran fasinja, masu tallar ruwa, waƙa daga wani shago.

"Don Eladio." Muryar Fermín ta yi kauri, ba wadda Eladio ya sani ba ce. "Ban san motarka ce ba. Da na jira ta baya."

"Na sani."

Ya ji shi yana shirin tashi, gwiwar ta yi ƙara. Maganar ta fito daga bakin Eladio kafin ya yi shawara da ita.

"Saboda ni ne?"

Fermín ya koma ya zauna. Ya daɗe yana juya ƙunshin kifin a hannu.

"Duk ranar wasa, kafin in rufe fuska da kariyar ƙarfe, sai na leƙa in ga ko kana nan. In kana nan, bayana ya yi ta zafi kamar an ɗora min dutsen guga har a tashi. Lokacin da aka kwantar da kai asibiti kuwa, da na ga kujerar ba kowa, ƙwallo ta yi ta zille min. Na ɗauka mutuwa ka yi ba ka ce min komai ba." Ya ajiye ƙunshin a cinya. "Gabana Wilkin, bayana kai. Na gaji, Don Eladio. Ba gwiwa ce ta gaji ba."

Eladio ya juyo gaba ɗaya a kujerarsa, karo na farko.

"Kana ganinsa?"

"Duk wanda ya hau tudun nan, jifan farko nasa ne. Har harshen nan da yake fitarwa."

Eladio ya kafe shi da ido. Shekarun nan duka ya ɗauka shi kaɗai ne a filin nan mai ganin abin da yake gani, ashe mutumin da ke tsugune taku kaɗan a gabansa shi ma shi yake kallo.

"Ni ba tsine maka nake zuwa yi ba," ya ce.

"To me kake zuwa yi?"

Eladio ya sunkuyar da kai. Hoton Wilkin da ke bangon falo bai taɓa wuce shekara goma sha takwas ba. Amma bayan Fermín ya yi ta faɗi, wuyansa ya yi kauri, tafiyarsa ta yi nauyi, ya zama magidanci a gaban idonsa.

"Ina zuwa in ga inda da ya kai yanzu," ya ce. "Da yana nan."

Fermín ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Kafaɗun nan masu faɗi suka yi ta girgiza, ba sauti. A nan Eladio ya ga gashin da ke saman kunnensa, fari-fari, kamar an barbaɗa gishiri. Hannun Eladio ya ɗaga da kansa, ya tsaya a iska, ya dawo kan cinyarsa.

Ya so ya ce masa ya fasa tafiyar. Ya so ya ce zai daina zuwa filin, ko ya koma can saman benci inda ba za a gan shi ba. Ya so ya janye maganar da ya yi a maƙabarta. Amma ya dubi mutumin, ya ga yadda gajiya ta zauna masa a fuska, sai ya gane ko wanne ya faɗa wani kaya ne zai ƙara ɗora masa.

"Motar arewa a can ƙarshen layi take," ya ce. "Can kan duwatsu akwai sanyi. Ka riƙa ɗaure gwiwar nan."

Fermín ya goge fuska, ya mayar da hula. Ya sauka a hankali, ƙafar dama tukuna, ya saɓa jakar a kafaɗa. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa.

"Ka gaishe min da Mama Nereida. In za ta karɓa."

Eladio ya gyaɗa kai. Ya bi shi da kallo yana ɗingishi cikin jama'a, wani ɗan tasha ya gane shi ya yi ihu "Turmi!", ya ɗaga hannu bai waiwaya ba, har wata babbar mota ta shiga tsakaninsu.

Ya daɗe zaune. Sannan ya laluba aljihu ya fito da waya. Ba ya kiran gida da rana, don haka da Nereida ta ɗauka muryarta a tsorace take.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Lafiya lau. Na ɗauko Fermín a motata. Ya tafi arewa. Ya ce a gaishe ki."

Ya ji ruwan famfo na zuba a ɗaya gefen, sai aka kashe shi. Ya duba wayar ko ta katse.

"Yaya ka gan shi?" ta ce.

"Ya yi jiki. Yana ɗingishi kaɗan." Ya gyara riƙon wayar. "Nereida, ya fara furfura."

"Furfura?"

"Ta saman kunne."

Ya ji ta ja kujera ta zauna. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa sosai, kamar ba da shi take ba.

"Ashe har yaran nan sun kai furfura."

"Sun kai," ya ce.

Ba wanda ya kashe wayar. A waje Chepe ya dawo da kofi biyu a hannu, ya leƙo, ya ga fuskar direbansa, sai ya ajiye kofin a kan matakala ya juya ya fara kiran fasinjan Santa Brígida.